Rijiya ko Tanki

Talata, 5 ga Oktoba 1976, hantsi

An haihu! Mace ce, da ranta, ta yi kuka har akuyar bayan gida ta amsa mata. Da bismillahi ya kamata in fara, na manta. To, bismillahi. Ummusalama, matar ɗana, ta sauka lafiya bayan sallar asuba. Mun daɗe muna jiran wannan kukan a gidan nan. Sau biyu ana samun ciki ba mu ji shi ba.

Matata Nagoggo ta fito da ita cikin zane ta miƙo mini a bakin ƙofa, don ni ba na shiga ɗakin suruka. Na yi mata kiran salla a kunne. Nagoggo ta ce, "Malam, a hankali mana, kunne ne ba hasumiya ba." Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Kunnuwanka ta kwaso, Allah ya rufa mata asiri da ɗankwali."

Uban yana can gonakin Simsim wurin yankan riɗi. Ɗana ne na fari, ba na kiran sunansa da baki, amma bari in rubuta sau ɗaya don takarda ta sani: Lawali. Na ba direban lori saƙo. Na san ba zai taho ba sai an gama, riɗi in ya bushe a tsaye zubewa yake yi.

Da furfurata na shiga ajin manya na bayan magariba. Larabci aka koya mana, ni kuma da baƙaƙen nake rubuta Hausata. Yau na ga ranarsa. Hannuna ya gaji, amma zuciyata ba ta gaji ba.

Laraba, 6 ga wata, bayan la'asar

Wankan jego na cin ruwa. Tukunya biyu safe, biyu yamma. Daga nan muka yi ka-ce-na-ce da Nagoggo.

Ruwa biyu gare mu a unguwar nan. Akwai rijiyar bakin rafi, wadda kakanninmu suka haƙa lokacin da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna ke nan. Akwai kuma tankin ƙarfe da majalisar yankinmu ta kafa bara, mota ke cika shi, masu karo, wato amalanken jakuna, suna rabawa gida-gida. Tun da ruwan sama ya ɗauke yara ke kwanciya a unguwa, amai da gudawa da jiri. Kwanakin baya mutanen majalisa suka zo da kwalabe, suka cika ɗaya a rijiya, ɗaya a tanki, suka ce za a auna a liƙa sakamako a allon sanarwa. Har yau ba a liƙa ba.

A aji an koya mana cewa rijiya mai buɗaɗɗen baki ita ke kawo cuta. Har hoto akwai a littafin, ƙuda na tashi daga baki. Don haka na yanke: wanka na rijiya, sha na tanki.

Nagoggo ta ce, "Rijiyar da ta shayar da uwarka, ta shayar da kai, yau ita ce mai laifi?"

Na ce ilimi ne.

Ta ce, "Ilimin bayan magariba." Amma ta wanke randa ta cika da na tanki.

Alhamis, 7 ga wata, azahar

Na je majalisa. Mai teburin sashen lafiya Hamisu ne, ɗan unguwarmu, kuma shi ne malaminmu na ajin dare. Shi ya riƙe hannuna har na iya rubuta sunana, Haladu, ba tare da ya hau sama kamar mai hawan dutse ba. Ya tashi tsaye, ya yi mini barka, ya sa aka kawo shayi.

Na ce takardar ruwa na zo in karanta.

Ya ce, "Ba ta dawo ba tukuna, Baba Haladu. Bukra, in sha Allah."

Sai da na kai kasuwar dawa na tuna bukra gobe ke nan, gobe kuwa Juma'a ce, ba a buɗewa.

Asabar, 9 ga wata, hantsi

A allon sanarwa takarda ɗaya ce, ta allurar shanu. Na karanta ta duka.

Litinin, 11 ga wata, bayan la'asar

An kawo rago. Mata na daka. Na riƙe yarinyar da safe, ta kama yatsana ta ƙi saki, Nagoggo ta ce ta gane mai rowa ne tun yanzu.

Mailafiya, maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu, bai zo taya ni ɗaure rumfa ba. 'Yarsa Hawwa, autarsa mai shekara huɗu, ta kwanta tun shekaranjiya. Na leƙa. Ya ce ai tun da na gaya masa maganar rijiya ya hana iyalinsa taɓa ta, na tanki kawai suke sha, to wannan daga ina kuma? Na ce ƙila tsohon ruwa ne bai gama fita jikinta ba. Haka na ce masa.

Talata, 12 ga wata, magariba

Hannatu. Sunanta Hannatu. Liman ya raɗa, aka yanka, aka shafa fatiha.

Maza sun cika rumfa. Mata kaɗan suka zo, kowace na da mai kwanciya a gida. Waɗanda suka zo ma ba su daɗe ba. Ban ji guɗa ba sai sau ɗaya. Hamisu bai zo ba, ya aiko da sukari.

Duk da haka na yi murna. Ina so takarda ta san na yi murna.

Alhamis, 14 ga wata, hantsi

Ummusalama ba ta fito wanka ba yau.

Ni dai ba na shiga, ba na tambaya kai tsaye, ba a yin haka. Daga inuwar zaure nake sauraro. Na ji an fita da kwano an dawo, an fita an dawo. Na ji Nagoggo na cewa, "Kurɓi kaɗan, 'yata, ko don ita." Da ta fito na ce yaya mai jiki, ta ce da sauƙi, ba ta dube ni ba.

Na koma majalisa. Hamisu ya ce takardar ta iso, amma tana wurin bashkatib, babban akawu, sai ya sa hannu. Na ce to kai ka gan ta? Ya gyara biro a aljihu, ya ce shi rajista kawai yake yi. Yau ba a kawo shayi ba.

Asabar, 16 ga wata, bayan azahar

Na ɗauko hakim, wato likita, daga ɗakin magani. Ya duba Ummusalama, ya bar ƙwayoyi da garin gishiri. A zaure na tare shi na ce, wane ruwa za mu sha?

Ya ce a tafasa kowanne.

Na ce in an tafasa shi ke nan?

Ya ce, "Ya haj, in ƙwayar cuta ce, tafasa na kashe ta. In wani abu ne daban ya shiga ruwan, ko ka tafasa shi har ya ƙone yana nan. Ni ma ba a nuna mini takardar ba. Na tambaya."

A masallaci kowa da tasa. Wani ya ce mushen kare aka gani a rijiya, amma ba wanda ya gani da idonsa. Wani ya ce motar da ke cika tanki an taɓa ganinta can wajen gonakin Fashaga tana ɗauke da abin da ba ruwa ba. Wani ya ce a bar zancen, annoba ce daga Allah. Duka daga Allah ne, amma kwalabe biyu aka ɗauka, kuma wani ya san abin da suka ce.

Lahadi, 17 ga wata, la'asar

Mun je mu uku, ni da liman da mai unguwa. Mun zauna a benci tun safe har inuwa ta bar mu. Sannan aka shigar da mu wurin bashkatib. Bai yi mana wulaƙanci ba, gaskiya. Ya ce marhaba, ya tambayi iyali.

Mai unguwa ya ce muna so mu ga sakamakon ruwa.

Ya ce takardar hukuma ce, ba a fitar da ita sai da izini. Muka ce izinin wa? Ya ce a rubuto buƙata. Na ce ga ni, ni zan rubuta. Na rubuta a gabansa, layi huɗu. Ya karɓa ya ce buƙata irin wannan wakilin unguwa a majalisa ne ke shigar da ita, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Wakilin kuwa yana gonarsa, sai bayan girbi.

Liman ya ce, "Ya ustaz, bar takarda. Yara na kwance. Da baki ma ya isa. Wanne za mu sha?"

Ya ce, "Duk abin da majalisa ke kula da shi, kullu tamam, lafiya lau yake."

Majalisa ba ta kula da rijiya. Tanki take kula da shi. Na fito da sanyi a zuciya, na ce wa liman ai ya gaya mana a kaikaice. Na zo gida na gaya wa Nagoggo. Na gaya wa Mailafiya ta kan katanga.

Litinin, 18 ga wata, hantsi

Nono ya janye. Nagoggo ce ta faɗa, tana kallon ƙasa. Yanzu nonon akuya ake sirkawa da tafasasshen ruwa a ɗiga wa Hannatu da cokali. Na tanki.

Kukanta ya canja. Da kamar ana yanka ta, yanzu kamar 'yar kyanwa a bayan buhu.

Talata, 19 ga wata, azahar

A majalisa: bukra.

Laraba, 20 ga wata, bayan azahar

Mun dawo daga maƙabarta. Ramin ƙarami ne, ba a daɗe ana haƙa shi ba. Mailafiya ya sa Hawwa a ciki da hannunsa.

Ba zan rubuta sauran ba.

Alhamis, 21 ga wata, magariba

Zaman makoki a ƙofar gidan Mailafiya. Ina gefensa tun safe, muna amsa gaisuwa.

Bayan la'asar Hamisu ya zo. Ya ɗaga hannu aka yi fatiha, ya zauna kusa da ni a tabarma. Rana ta dake shi, rigarsa ta jiƙe a baya. Ƙanen Mailafiya ya miƙo masa kofin ruwa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo kafin a ce masa komai. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai kusa da baki, sai ya tsaya. Ya ce a hankali, "Na ina ne?"

Ƙanen ya ce, "Sha abinka, Malam, kada ka ji tsoro. Mu ba ma taɓa na rijiya. Na tanki ne, naku na majalisa."

Hamisu ya riƙe kofin. Ya juya ya gaishe da na hagunsa, ya tambayi wani labarin girbi. Sannan ya ajiye kofin a bayan ƙafarsa, inda ya ɗauka ba mai gani. Cike yake. Ƙuda ya sauka a bakinsa. Da ya tashi tafiya leɓɓansa a bushe suke, na gani.

A garin nan ba a mayar da ruwan baƙunci. Ko maƙiyinka ya miƙo maka, kana kurɓa. Balle a gidan rasuwa.

Juma'a, 22 ga wata, hantsi

Ƙila Hamisu azumi yake yi, jiya Alhamis ce. Amma mai azumi cewa yake ina azumi, ba ya tambayar na ina ne.

Ƙila kofin ne bai yi masa ba.

Ƙila duka biyun ne ba su da kyau, ya bar sha a unguwar gaba ɗaya.

Na gaya wa Nagoggo. Na yi zaton za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta ajiye muciya ta zauna a turmi. Ta ce, "In na tanki ne mai cutar, ba shi ke nuna na rijiya lafiyayye ne ba. Ba zan juya wa yarinyar nan ruwa a kan zato ba, an juya sau ɗaya ya isa."

Na ce to yaya za mu yi? Takardar ba za a nuna ba.

Ta ce, "Yaron nan ya zo barka?"

Na ce bai zo ba.

Ta ce, "To ka kira shi ya zo. Uwarsa ƙawata ce, ni na yi masa wankan farko. Ka ce ni na ce. Kai kuma in ya zo, ka rufe bakinka da iliminka."

Na hana a ɗiga wa Hannatu mai sirki. Zallan nonon akuya, cikinta kuma ba ya riƙe shi.

Asabar, 23 ga wata, azahar

Na same shi shi kaɗai a ofis. Ban zauna ba.

Na ce, "Malam Hamisu, ka tuna abin da ka ce mana daren farko a aji? Ka ce wanda ya iya karatu ba mai rufe masa ido."

Ya ce, "Na tuna, Baba."

Na ce, "Ka koya mini karatu, ka kuma kulle abin karantawa a aljihun tebur. To me zan yi da shi? Allurar shanu zan yi ta karantawa?"

Ya dubi ƙofa. Ya ce a hankali an sa su rantsuwa, duk wanda ya fitar da magana daga ofishin nan ba aikinsa kaɗai zai rasa ba. Yana da uwa, yana da ƙanne. Ya ce, "Don Allah, Baba, kada ka tambaye ni abin da ba zan iya amsawa ba."

Na ce ba tambaya na zo yi ba. Nagoggo ta ce ka zo ka ga jika, ba ka zo barka ba, ta ji haushi.

Ya dube ni. Ba wawa ba ne, shi ya koya mini lissafi. Ya ce, "Gobe bayan la'asar."

Lahadi, 24 ga wata, hantsi

Ba zai zo ba.

Lahadi, bayan magariba

Ya zo.

Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Nagoggo ta fito da ƙwarya sabuwa, ruwa na rawa a ciki. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da rana, ɗan nan. Ka manta hanyar gidanmu tun da ka samu kujera mai juyawa."

Ya ce, "Haba Inna, kujerar ma ƙafarta ɗaya ta karye."

Ta ce, "Ga ruwa. Na rijiyar bakin rafi ne, yanzu na ɗebo da hannuna, ban tafasa ba. In ka fi son na tanki, akwai a randa, sai in kawo."

Ni dai na rufe bakina kamar yadda aka ce.

Ya karɓi ƙwaryar, ya yi bismillahi, ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka. Bai ɗago ba sai da ya shanye. Ya share baki da bayan hannu, ya miƙa mata ya ce, "Inna, a ƙaro."

Ta ƙaro. Ya sha rabi.

Aka fito masa da Hannatu. Ya karɓe ta, sai na ga fuskarsa ta canja, don ba nauyi a zanen. Ya yi mata addu'a. Da zai tafi, yana sa takalmi, bai dubi kowa ba ya ce, "Ruwan nan da daɗi yake. Randar can kuwa tana son wanki sosai, da toka." Ya miƙe ya ce, "Ni barka na zo yi, Baba. Ban ce komai ba."

Na ce ba ka ce ba.

Kafin ya kai kwana Nagoggo ta tuntsurar da randar a tsakar gida. Ta kore kaji daga wurin da tsintsiya.

Na tashi a masallaci bayan salla na ce a koma rijiya, a bar tanki. Wani daga baya ya ce, "Ba kai ka ce mana tanki ba?" Na ce ni ne. Ya ce, "To yau wa ya gaya maka?" Na ce ba wanda ya gaya mini. Aka yi gunaguni. Liman ya dube ni, ya ce shi gidansa rijiya za su koma. Mailafiya ya ɗauki takalmansa ya fita.

Litinin, 25 ga wata, azahar

Na tsaya a gindin tanki tun hantsi ina tare masu karo da mata. Wasu sun juya, wasu sun ce tsufa ne. Mai gadin tankin ya kira ɗan sanda. Ɗan sandan ya ce ina tada hankalin jama'a a kan kayan hukuma. Ya ce, "Kana cewa ruwan ba shi da kyau. Kana da takarda?"

Na yi dariya, ban san lokacin da ta fito ba. Ya ɗauka raini ne. Mai unguwa ne ya zo ya ba shi haƙuri, ya ja ni gida.

Laraba, 27 ga wata, asuba ta yi

Hannatu ba ta yi kuka ba tun jiya da rana.

Laraba, la'asar

Nagoggo ta ce tana numfashi. Ta ce ta haɗiye cokali biyu. Na ce ta dawo da su? Ta ce tukuna.

Na zauna a jikin bangon ɗakin ta waje, kunnena a kan zana. Abin da bai kamata suruki ya yi ba ne. Duk wanda ya wuce ya gan ni, ya kau da kai.

Alhamis, 28 ga wata

Haka dai. Na sake aika wa uban saƙo. Wannan karon ban ce masa kowa lafiya ba.

Asabar, 30 ga wata, hantsi

An sa wa tanki kwaɗo. An liƙa takarda a jikinsa, na karanta wa matan da suka taru: an rufe na ɗan lokaci domin fenti. Wata tsohuwa ta ce in sake karantawa, ƙila na tsallake layi. Na sake. Fenti.

Na wuce majalisa. A teburin Hamisu wani ne zaune, ban san shi ba. Ya ce an mayar da Ustaz Hamisu can garin Ƙala'at an-Nahal, tun Alhamis. Na ce takardar ruwan unguwarmu fa? Ya buɗe aljihun tebur ya rufe, ya ce shi sabo ne, bai san da wasu kwalabe ba. In ina da buƙata in rubuto.

Na rubuta. Ya karɓa ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Na biya gidan uwar Hamisu. Ta amsa sallama daga ciki, ba ta fito ba.

Talata, 2 ga Nuwamba, azahar

Ummusalama ta ce tana son tuwo da miyar kuɓewa. Nagoggo ta fito tana faɗa wai ba kuɓewa a gidan, ana zaune da namiji kamar turmi. Ban taɓa jin daɗin zagi haka ba. Na tafi kasuwa da sauri har na bar sandata.

Ba sabon wanda ya kwanta a unguwa tun Juma'a, in ji hakim. Na ce to me ke cikin tankin? Ya ɗaga kafaɗa.

Laraba, 3 ga wata, la'asar

Uban ya iso a bayan lori, baƙi ƙirin, hannuwansa duk tsaga. Ya gaishe ni a tsaye, ya wuce ciki. Ban ga laifinsa ba.

Alhamis, 4 ga wata, hantsi

Ina alwala sai na ji shi. Kuka, irin na ranar farko, mai tsaga kunne, mai fushi. Sannan ya yanke tsaf. Na miƙe zumbur da buta a hannu. Sai Nagoggo ta leƙo ta ce, "Zauna, tsoho, kada ka faɗi ka ƙara mana aiki. Bakinta ne a cike. Nono ya dawo."

Da ta ƙoshi aka kawo mini ita. Ta rame, fatar wuyanta ta yi mata yawa, amma idonta biyu a buɗe, tana bin hulata da kallo. Ta yi gyatsa a kan rigata ta Juma'a da na wanke jiya.

Takardar ban gan ta ba. Ban san abin da ke cikinta ba, ban san abin da ke cikin tankin ba, kuma gobe a rufe suke. Ranar Asabar zan koma in zauna a bencin. Akwai ƙaramin kabari da ya kamata a gaya wa mai shi dalili.

Kafin in gaya wa kowa, ƙofar Mailafiya na fara zuwa. Tun daren masallaci bai yi mini magana ba. Na yi sallama sau uku, har na juya, sai ya fito. Ya tsufa cikin kwanakin nan.

Shi ya ce, "Na ji kukan ta katanga. Ta kama?"

Na ce ta kama.

Ya dafa bango, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Mata ba su zo sunanta ba, Haladu. Je ka kira su. Ni zan zo daga baya, in mutane sun ragu. Ka ce a bar mini ita in riƙe."

To zan ajiye alƙalami in bi gida-gida. Mutanen bakin rafi, mutanen bayan masallaci, masu karo, matan da suka ce tsufa ne, har ɗan sandan in yana so. Ba rago, ba rumfa, tabarma ce kawai da shayi. Hannatu 'yar gidan Haladu ta buɗe ido tana shan nonon uwarta. Kowa ya taho, ku zo ku gan ta da idonku.